Tarihi da Tarihihi a Finafinan Jaruman Sikotlan: Nazari a kan *Braveheart* da *Outlaw King*

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan magana ita ce ƙarfin fim, kuma ita ce haɗarinsa, domin abin da ido ya gani a majigi yakan fi zama a zuciya a kan abin da malami ya karantar a aji. Manufar wannan maƙala ita ce a auna finafinai biyu da aka gina a kan yaƙin Sikotlan da Ingila, wato *Braveheart* na Mel Gibson (1995) da *Outlaw King* na David Mackenzie (2018), a ga inda suka bi tarihi da inda suka kauce. Ra'ayin da za a kare shi ne, kaucewa iri-iri ce, kuma aikin manazarci shi ne ya bambance wadda ta taɓa ado da wadda ta taɓa dalilin aukuwar al'amari.

2.0 Abin da Tarihi Ya Tabbatar

Sarki Alexander na Uku ya rasu a 1286, jikarsa Margaret da za ta gaje shi ta rasu a 1290. Rigimar gadon sarauta ta ba Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ƙofar shiga. A 1292 ya zaɓi John Balliol, a 1296 kuma ya tuɓe shi ya mamaye ƙasar. A watan Mayu 1297 William Wallace ya kashe wakilin Ingila a garin Lanark. Ranar 11 ga Satumba 1297, shi da Andrew Moray suka karya rundunar Ingila a gadar Stirling. An ci Wallace da yaƙi a Falkirk a Yuli 1298, aka kama shi kusa da Glasgow, aka kashe shi a Landan ranar 23 ga Agusta 1305. Robert Bruce ya hau gadon sarauta a Maris 1306, ya yi nasara a Bannockburn a Yuni 1314, sannan Ingila ta amince da 'yancin Sikotlan a yarjejeniyar 1328.

3.0 Tushen Labarin *Braveheart*

Marubucin fim ɗin, Randall Wallace, ya ɗebo labarinsa ne daga doguwar waƙar da ake jinginawa ga wani mawaƙi, Blind Harry, wadda aka tsara wajen 1477, wato fiye da shekara 170 bayan mutuwar jarumin. Mai nazarin adabin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan nau'i ba. Shi ne abin da muke kira tarihihi: labarin da ya tsiro daga mutum na haƙiƙa, amma baki ya yi ta ƙara masa gishiri har ya zama madubin buƙatun masu ba da shi. Harry ya yi waƙarsa a lokacin da Sarki James na Uku yake neman sulhu da Ingila, waƙar kuwa cike take da zuga a kan ƙin Ingilishi. Ke nan tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, abin da fim ɗin ya gada wasa jarumi ne irin na makaɗan fada.

Misali ƙarami ya isa. Harry ya ce sunan mahaifin Wallace Malcolm, fim ya bi shi. Amma hatimin da ke jikin wasiƙar da Wallace da Moray suka aika wa fataken birnin Lübeck na Jamus a Oktoba 1297 ya ambaci mahaifin da suna Alan.

4.0 Matakan Kaucewa

4.1 Kaucewar ado. An sa wa mayaƙan Wallace zanen ɗaura mai ratsi-ratsi, alhali wannan sutura ba ta bayyana ba sai a ƙarni na 16. An shafa musu shuni a fuska, al'adar da ake dangantawa da mutanen zamanin Rumawa, kimanin shekara dubu kafin Wallace. Mayaƙin 1297 lifidi ko sulke da kwalkwali yake sawa, kamar abokin gabarsa. Wannan kuskure ne, amma mai sauƙi, da yake manufarsa mai kallo ya bambance rundunonin biyu.

4.2 Kaucewar lokaci. Fim ya nuna Sarki Edward yana cikawa daidai lokacin da ake kashe Wallace, alhali sai Yuli 1307 ya rasu. Ya kuma ƙulla soyayya tsakanin Wallace da Gimbiya Isabella ta Faransa, har ya nuna cikin da take ɗauke da shi nasa ne. An haifi Isabella wajen 1295, tana da kimanin shekara goma aka kashe Wallace, ba ta auri Edward na Biyu ba sai 1308, ɗanta Edward na Uku kuma sai 1312 aka haife shi. A nan an wuce taƙaita lokaci, an shiga ƙaga nasaba.

4.3 Kaucewar dalili. Wannan ita ce mafi nauyi. Na farko, an yi yaƙin Stirling a fim ba tare da gada ba. Gadar kuwa ita ce yaƙin. Ƙunci gare ta, mahaya biyu kawai ke iya jerawa a kanta. Wallace da Moray suka jira har wani sashe na rundunar Ingila ya ƙetare kogin Forth, sannan suka datse bakin gadar suka auka masa, sauran suna tsallake suna kallo. Da aka cire gadar, sai dabara ta koma ƙarfin tuwo. An kuma share Moray daga labarin, duk da cewa sunansa ne ke gaba a wasiƙar Lübeck, kuma raunin da ya samu a wannan yaƙi ne ya yi ajalinsa.

Na biyu, an mai da Wallace talakan ƙauye mai yaƙi don ramuwar matarsa da kuma 'yanci irin na fahimtar yau. Wallace na tarihi ɗan gidan ƙananan masu ƙasa ne, ya kuma riƙi ƙasar da sunan Sarki John Balliol. Dokar da fim ya ce Edward ya kafa, ta bai wa hakimi daren farko na amarya, babu wata shaida da ta tabbatar da ita. Haka kuma Wallace bai ci birnin York ba, hare-harensa na 1297 a Northumberland da Cumberland suka tsaya.

5.0 *Outlaw King*

Wannan fim ya fi kiyayewa. Sutura da makamai sun dace da zamanin. Bai kuma ɓoye abin da ya fi zubar da mutuncin tauraronsa ba, wato kisan da Bruce ya yi wa abokin hamayyarsa John Comyn a cikin majami'a a Dumfries a Fabrairu 1306. Ya nuna kashin da ya sha a Methven, da ramukan da ya haƙa a Loudoun Hill a Mayu 1307 don takura dawakin Aymer de Valence.

Duk da haka ya kauce a ƙarshe. Ya kashe Edward na Ɗaya kafin yaƙin Loudoun Hill, alhali wata biyu bayan yaƙin ya rasu. Ya kawo ɗansa fagen fama su yi gaba da gaba da Bruce, har Bruce ya sake shi ya tafi. Edward na Biyu bai halarci wannan yaƙi ba, kuma hankali ba zai ɗauka a kama sarkin Ingila a sake shi ba, a lokacin da matar Bruce da 'yarsa ke tsare a hannun Ingilishi. Elizabeth de Burgh ba ta dawo gida ba sai bayan Bannockburn, ta hanyar musayar fursunoni. Dalilin wannan kaucewa a fili yake: zubin fim yana son jarumi da magabci su haɗa ido kafin a rufe labule.

6.0 Kammalawa

Wani zai ce ai fim nishaɗi ne, don me za a tuhume shi da ma'aunin tarihi? Amsar ita ce tasirinsa ya wuce ɗakin kallo. *Braveheart* ya ci lambar Oscar biyar. A 1997 aka kafa mutum-mutumin Wallace mai kamannin Gibson a gindin hasumiyar tunawa da shi da ke kusa da Stirling, wadda aka buɗe tun 1869, ya zauna a nan har 2008. Ƙuri'ar raba gardamar da ta maido wa Sikotlan majalisarta an kaɗa ta ne ranar 11 ga Satumba 1997, shekara 700 cif bayan yaƙin gadar. Labarin da al'umma ke gina siyasarta a kansa ya cancanci a tantance shi.

Wannan matsala ta iso ƙofarmu tun da aka fara ɗaukar tarihin sarakunanmu a fim, kamar *Amina* na 2021. Shawara ga malamai ita ce kada a kori irin waɗannan finafinai daga aji. A nuna wa ɗalibi yaƙin Stirling na Gibson, a ba shi taswirar kogin Forth, a tambaye shi abin da ya ɓace da aka cire gadar. Ɗalibin da ya amsa wannan tambaya ya fara rarrabe tarihi da tarihihi.