Akantan da Ke Raba Ciniki Gida-Gida

Kafin a sayar da ko da allura ta manhajar lissafin kuɗi, sai wani ya zauna ya gaya mata mene ne allura. A QuickBooks, alal misali, duk abin da za a shigar sai an zaɓa masa gida: ko haja ce da ake ƙirgawa a sito, ko kaya ne da ba a bin adadinsu, ko aiki ne da ake yi wa mutum, ko kuwa ƙunshi ne na abubuwa da dama a farashi guda. Sage da Tally da SAP ma kowacce da irin nata tsarin. Daga wannan zaɓin ne farashi da haraji da riba suke samo hanyarsu, kuma mai yin sa, wato akanta, ba kasafai ake ganin gwanintarsa ba, domin idan ya yi daidai babu abin da ke faruwa.

Mu ɗauki kamfanin da ke sayar da janareta. Ya ba wani otal janareta, ya tura ma'aikata suka haɗa, ya kuma yi alkawarin zuwa sabis duk wata har shekara guda. An yi ciniki, an sallama a kan naira miliyan 1.8. A wurin mai kamfani magana ta ƙare, kuɗi sun shigo. Akanta kuwa alkawari uku yake gani a cikin rasit ɗaya, kuma kowanne da ranar cikarsa.

Sai ya tambaya: da za a sayar da kowanne shi kaɗai, nawa ne kuɗinsa? A ce janareta 1,500,000, haɗawa 300,000, sabis na shekara 200,000. Jimilla miliyan 2 ke nan, ashe an yi wa otal ragin kashi 10 cikin ɗari. Wanda bai ƙware ba zai zabge ragin gaba ɗaya daga kuɗin janareta, ko ya rubuta cewa sabis kyauta ne, tunda haka mai talla ya faɗa. Gwani raba ragin yake yi bisa nauyin kowanne: janareta ya koma 1,350,000, haɗawa 270,000, sabis 180,000. Kuɗin janareta za su shiga kuɗin shiga ranar da ya zama mallakin otal, na haɗawa ranar da aka kammala. Na sabis fa? Waɗannan kafin alƙalami ne. Suna hannun kamfani, amma a littafi bashi ne a wuyansa, bashin aiki, kuma manhaja za ta riƙa sakin 15,000 duk ƙarshen wata har su ƙare. Ina ganin babu inda aikin ya fi burgewa kamar nan, domin kuwa ba ƙaramin hankali ba ne mutum ya ga kuɗi a asusu ya ce tukuna, ba su zama namu ba.

Wannan tsari yana da tushe. Ƙa'idar IFRS 15 ce, wadda hukumar tsara ƙa'idojin akanta ta duniya da ke Landan ta fitar a 2014 tare da takwararta ta Amurka, ta fara aiki a Janairun 2018. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya sun koma bin ƙa'idojin IFRS tun 2012, don haka ta hau kansu.

Sai dai ƙa'ida ba ta yanke kowane hukunci. Haɗa janareta aiki ne mai zaman kansa idan kowane ƙwararren mai gyaran wuta zai iya yin sa. Amma idan na'ura ce da aka ƙera don masana'anta guda, wadda ba ta da amfani sai an girka ta an daidaita ta da sauran injina, to kaya da aiki sun zama alkawari ɗaya. Haka garanti. Wanda kawai ke tabbatar da cewa kayan lafiyarsu ƙalau ba ciniki ba ne na daban, tanadi ake ware masa. Wanda aka saya don ƙarin shekara biyu kuwa aiki ne, gidansa daban. Kafin akanta ya raba waɗannan, sai ya karanta yarjejeniya, ya tambayi injiniya, wani lokacin ma ya leƙa sito da kansa.

Akwai kuma batun dillanci. Kamfanin da ke yankar wa matafiya tikitin jirgi zai iya karɓar miliyoyi a wata, amma nasa la'ada ce kawai, sauran na kamfanin jirgi ne. Dillalan kara sun daɗe da sanin haka, ba wanda ke lissafa kuɗin shanu a matsayin nasa. Idan aka saka tikiti a gidan haja, littafi zai nuna ciniki mai kumburi, banki da masu haraji kuma su ɗauka da gaske ne.

Haraji dai ba ya yafiya. Tun 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, amma ba a ɗora wa mai saye shi a kan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan karatu. A babban kanti, inda shinkafa da turare da maganin zazzaɓi ke bi ta kanta ɗaya, kowane kaya da lambar harajinsa. Kuskure ɗaya a ranar shigarwa zai maimaita kansa a kowane rasit, ko a cuci masu saye, ko kanti ya biya gibin daga aljihunsa ranar da masu binciken haraji suka zo. Shi ya sa akanta mai lura ba ya barin kowa ya buɗe sabon gida a manhaja. Yana rage yawansu, ya ba kowanne suna bayyananne, ya hana a riƙa jibga komai a ƙarƙashin "sauransu", kuma duk sabon kayan da ya iso, sai ya gan shi kafin a manna masa farashi.