Daga Lugu zuwa Paris: hanyar da littafin Sarraounia ya bi

A shekarar 1980 ne kamfanin ɗab'i na L'Harmattan da ke Paris ya buga Sarraounia, ƙagaggen labari na farko da Abdoulaye Mamani ya wallafa. Kafin nan an san marubucin, haifaffen Gudumariya a 1932, a matsayin ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba wanda ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya kuma ɗanɗani kurkuku a zamanin Seyni Kountché. Jigon littafinsa kuwa daga ƙasar Arewa ya fito, wato turjiyar da Sarauniya Mangu ta Lugu ta yi wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899.

Hanyar da rubutu ya bi kafin ya zama littafi takan bar sawunta a cikinsa. A lokacin, marubucin Nijar da ke son ƙagaggen labarinsa ya yi nisa kusan dole ne ya rubuta da Faransanci, ya nemi maɗaba'a a ƙetare. Mai karatun da Mamani ya fara fuskanta ke nan bai san Dallol Mawri ba, bai san al'adun Azna ba. Saboda haka ya sassaƙa masa jaruma matashiya, gwanar yaƙi, mai magana da yawun duk wanda ya ƙi mulkin mallaka. A Lugu kuwa, Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da ake gada, kuma darajar mai riƙe da shi tana ga tsafi da kamun kai. Masana irin su Antoinette Tidjani Alou sun yi nazarin wannan tazara.

Wannan bai rage wa littafin ƙima ba. Gajerun babobinsa da saurin labarinsa sun fito da matar da takardun Turawa suka taƙaita zancenta, har Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Illar ita ce, ƙagen ya yi ƙarfi har ɗalibai da yawa suna ɗaukarsa tarihi tsantsa.

Adabin Hausa ya san wasu hanyoyin. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma bukatar makaranta ce ta yanke musu tsawo da salo. Daga shekarun 1980, marubutan Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Suka sami ƴanci da masu karatu, sai dai sau da yawa babu mai tace rubutun.

Matashin da ke riƙe da rubutunsa na farko a Kore Mairuwa ko Tibiri yana tsaye ne gaban waɗannan hanyoyi uku, kowace da abin da take ci. Aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su zama masu karatunsa na farko: su gyara masa ƙa'idar rubutu, su auna labarinsa da abin da dattawa suka riƙe, tun kafin ya kai ga maɗaba'a. Haka nan ya dace a karanta Sarraounia a aji tare da ruwayar mutanen Lugu, ɗalibai su gane inda marubucin ya bi tarihi da inda ya ƙaga.