Masu Kama Fiya a Kan Gaɓarta

Fiya ba ta nuna a kan bishiya. Tana iya shafe makonni a reshe bayan ta ƙosa, tana ta tara maiƙo, amma ba za ta yi laushi ba sai an tsinko ta. Daga ranar da ta rabu da uwarta take fara fitar da wata iska da masana ke kira etilin, wadda ke sassauta tsokarta sannu a hankali har ta kai inda ake so: ga laushi, ga garɗi, ga santsi a baki. Sai dai wannan zarafi ba ya jimawa. Kwana ɗaya ko biyu, baƙi ya fara ratsa ta, ɗanɗano ya juya. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon fiya a Jos, ko ya tarbi wadda ake saukowa da ita daga tsaunin Mambila, ya san halinta: yau duk ɗanyu, jibi duk sun nuna a tare, gata rabi sun tafi bola.

Shi ya sa nake jinjina wa masu shagunan haɗa lemon 'ya'yan itace da matan gida masu tanadi, waɗanda suka iya kama fiya a kan gaɓarta su daskarar da ita, ta yi musu watanni bayan kakarta ta wuce. Mai kallo daga nesa zai ce ai aikin firiza ne. Firiza kuwa ba ta ƙara wa fiya komai, abin da aka ba ta shi take riƙewa. Idan ɗanya aka saka, ɗanya za ta fito, kuma ta yi sallama da nuna ke nan. Idan ta zarce, zarcewar za a adana. Aikin gaske yana hannun wanda ya zaɓi ranar.

Gwani ba ya dogara da launi. Irin Hass, wanda ya mamaye kasuwannin duniya bayan da wani ma'aikacin gidan waya a Kalifoniya mai suna Rudolph Hass ya yi masa rajista a 1935, yana faɗin nunarsa da kansa, domin ɓawonsa mai kaushi yakan rine ya koma baƙi-baƙi. Amma yawancin manyan nan masu sulɓin baya da muke samu a kasuwanninmu kore suke, ko ɗanyu ko nunannu. Don haka sai ka ga gwani ya ɗora ta a tafin hannu ya ɗan runtse yatsunsa gaba ɗaya. Ba ya danna ta da babban yatsa, domin duk inda aka danna, nan baƙi zai fara. Idan ta ɗan amsa masa ba tare da ta lotsa ba, sai ya ɓalle ɗan guntun itacen da ke kanta ya leƙa. Ya ga kore mai haske, ta yi. Ya ƙi ɓalluwa, da saura, sai ya mayar da ita kusa da ayaba, wadda ita ma ke fitar da etilin, don ta taya ta nuna. Ya ga ruwan ƙasa, wannan ta yau ce, a sha ta yanzu, ba ta ajiya ba ce. A haka zai bi kwandon kowace safiya yana ware na ranar.

Daga nan sai sauri, don ran gini ran zane. Zai wanke bayanta tukuna, saboda wuƙa tana iya jan datti daga ɓawo zuwa ciki, sanyi kuma ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Ya zagaya ta da wuƙa, ya murɗa, ta rabu biyu, ya cire ƙwallon. Maimakon ya kwarfe tsokar da cokali, sai ya saɓule ɓawon da hannu, don kada ya yi asarar koren nan mai duhu da ke manne da shi, inda sinadaran amfani suka fi taruwa.

Da zarar iska ta taɓa tsokar, wani sinadari da ke cikinta ya fara aikin mayar da ita ruwan ƙasa. Ga karas ko koren wake, maganin abin mai sauƙi ne: a tsoma su a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kafin a daskarar. Fiya kuwa ba ta jure wuta, tana jin zafi take yin ɗaci. Saboda haka makamin gwani tsami ne. Yakan matsa lemon tsami, kimanin babban cokali ɗaya ga fiya biyu, ya tabbatar ya taɓa ko'ina. Idan ya yi kaɗan, za ta yi duhu. Idan ya yi yawa, tsamin ya danne garɗin, mai sha ya ji lemo maimakon fiya. Wannan ma'auni harshe ne ke koyar da shi, domin lemon wannan mako ba lallai ya kai na wancan kaifi ba.

Saura ƙanƙara. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na tsokar fiya ruwa ne, kuma yana zaune ne cikin ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Idan sanyi ya shige ta a hankali, ruwan yakan daskare ya zama manyan tsinkuna masu huda bangon ɗakunan, kamar ƙaya ta soki ledar ruwa. Ranar da aka narkar, sai ta saki jiki ta yi laɓo-laɓo. Idan kuwa sanyin ya kama ta farat ɗaya, ƙanƙarar kan fito ƙanana, ɓarnar ta ragu. Wannan shi ne abin da Ba'amurken nan Clarence Birdseye ya lura da shi a yankin Labrador na Kanada, inda ya ga kifin da mutanen Inuwit ke kamawa yana daskarewa nan take cikin tsananin sanyi, ya kuma narke da daɗinsa. A kan wannan ya gina sana'ar daskarar da abinci a shekarun 1920. Manyan masana'antu a Meziko da Peru suna bin wannan hanya da injuna, suna daskarar da kowane yanki shi kaɗai, su ajiye a digiri 18 ƙasa da sifiri. Ko Kenya, lokacin da ta ƙulla yarjejeniyar kai fiya ƙasar Sin a 2019, daskararriya aka fara amince mata da ita saboda tsoron ƙudan 'ya'yan itace, sai a 2022 aka buɗe wa sabuwa ƙofa.

Gwanin da ba shi da irin waɗannan injuna yana cim ma abin da dabara. Ya yanka fiyar ƙanana, ya baza a tire ba tare da wani ya taɓa wani ba, ya kai can ƙasan firiza. Ko kuma ya dame ta, ya zuba a leda daidai na sha ɗaya, ya matse iskar tas, ya shimfiɗe ledar ta yi fale-fale don sanyi ya ratsa ta da wuri, ya rubuta kwanan wata. Ya san ana ɗauke wuta, don haka ba ya yawan buɗe marfi, kuma wadda ta narke ba ta komawa ciki.

Abin da ya fi ƙara masa ƙima a wurina shi ne ya san iyakar kayansa. Daskararriyar fiya ba za ta tsaya cak a kan salak ko a yanka ta a jera kan burodi ba, tsokarta ta riga ta sassauta, ƙamshinta ma ya ɗan ja baya. Wannan fage na sabuwa ne, ba ya musu. Amma a jefa ta a injin markaɗe da madara da dabino ko ayaba, a nan take nuna kanta: ta ba da kauri da santsi da sanyi gaba ɗaya, ba sai an zuba ƙanƙarar da za ta tsinka haɗin ba, ba jiran nuna, ba fargabar yankawa a tarar da baƙi.

Irin wannan ilimi ya kamata ya bazu daga shago zuwa gida, daga birni zuwa garuruwan da ake noman fiyar. Duk shekara, idan kaka ta kama, farashi kan faɗi, manomi ya sayar a wulaƙance, 'yar kasuwa ta zubar da abin da ya rage. Mutum ɗaya da ya iya karanta fiya da tafin hannunsa, yana da lemon tsami da leda da firiza mai riƙe sanyi, zai iya saye daga hannun manomi ranar da babu mai taya, ya kuma shayar da jama'a a watan da babu ko ɗaya a kasuwa.