Kwaskwarimar Wasannin Kwamfuta: Inda Mai Koyo ke Maƙalewa da Hanyar da Magabata Suka Bi

Wasan PUBG da matasa ke raba dare a kansa a Kano da Kaduna da Maraɗi ba a ofishin wani babban kamfani aka ƙyanƙyashe shi ba. A 2013 wani ɗan ƙasar Ayalan mai suna Brendan Greene ya ɗauki wasan yaƙi na Arma 2 ya sauya masa dokoki: a zuba 'yan wasa a fili ɗaya, kowa ya nemi makaminsa, filin yana ta matsewa, wanda ya saura a raye shi ya ci. A 2017 wannan tunani ya zama PUBG, wasa mai cin gashin kansa. Irin wannan aiki, wato mutum ya buɗe cikin wasan da wani ya ƙera ya sauya shi ko ya ƙara masa, shi masu harkar ke kira mod, kuma ya kai shekara arba'in yana gudana.

Sai dai a bayan kowane Greene akwai dubban masu koyo da suka fara da zumuɗi, suka iya abu biyu zuwa uku, sannan suka cije. Ba su bar harkar ba, ba su kuma ci gaba ba. Wannan cijewa ita ce abin nazari a nan, domin ina ganin ba ƙarancin basira ke jawo ta ba. Daga yadda sana'ar take ginuwa take fitowa, kuma maganinta ma yana cikin al'adar masu yin ta.

Yadda ƙofar ta buɗe

Tun farkon shekarun 1980 wasu matasa suka sauya sojojin wasan Castle Wolfenstein suka mayar da su 'yan tsanar katun, amma abin bai zama al'ada ba sai da Doom ya fito a Disambar 1993. Kamfanin id Software ya riga ya ga yadda mutane ke wahalar fasa Wolfenstein 3D domin su sauya shi. Don haka John Carmack na kamfanin ya raba Doom gida biyu: injin wasan a gefe, taswirori da hotuna da sautuka kuma a cikin fayil na daban da ake kira WAD. Duk mai so zai iya haɗa nasa fayil ɗin ya ɗora ba tare da ya taɓa injin ba. Cikin 'yan watanni masu sha'awa suka rubuta manhajojin zana taswira, a 1997 kuma kamfanin ya saki lambobin injin kansa ga jama'a.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Daga Quake na 1996 aka sami Team Fortress, aikin Robin Walker da John Cook da Ian Caughley. Daga Half-Life na 1998 aka sami Counter-Strike a 1999, aikin Minh Le da Jess Cliffe. Daga Warcraft III na 2002 aka sami DotA, wanda ya haifi Dota 2 ya kuma share wa League of Legends hanya. Kamfanin Bethesda ya riƙa ba 'yan wasa irin kayan aikin da ma'aikatansa ke amfani da su, tun daga Morrowind a 2002 har zuwa Skyrim, wanda ya fito a Nuwambar 2011 aka kuma saki manhajar gyaransa, Creation Kit, a farkon 2012.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa alheri ce, amma tana da wani aibi da ba a cika faɗa ba: shiga ta yi sauƙi ƙwarai, har mai shiga yakan ɗauka cewa haka sauran tafiyar za ta kasance.

Inda ake cijewa

Ɗauki mai koyo a Skyrim. Ranar farko ya buɗe Creation Kit, ya nemo takobin ƙarfe, ya sauya lambar ƙarfin saransa daga bakwai zuwa saba'in, ya adana, ya shiga wasa ya kashe dodo da sara biyu. Mako na biyu ya sauya launin riga, ya ƙara akwati cike da zinari a wani ɗaki. Duk waɗannan suna aiki nan take, domin ba su taɓa komai sai kansu.

Daga nan sai ya ce zai ƙirƙiri mutum, ya gina masa gida, ya ba shi labari. A nan ne ƙasa ke tsagewa. Mutumin ya bayyana fuskarsa toka-toka, jikinsa wani launi daban, saboda ba a fitar da bayanan fuskar zuwa fayil ba. Ya tsaya ƙiƙam a tsakar ɗaki ba ya motsi, saboda ba a shimfiɗa masa ragar da ke gaya wa mutanen wasa inda ƙafa za ta taka ba. Ka yi masa magana ya yi shiru, alhali an rubuta hirar tsaf. Bangon gidan ya koma shunayya, alamar wasan ya nemi hoto a inda aka ce yana nan bai same shi ba. Mafi ciwo, wani lokaci wasan yakan rufe kansa kawai ya dawo da kai fuskar kwamfuta ba tare da ya ce uffan ba.

Mai koyo yakan koma ga bidiyon koyarwa, ya bi shi taki-taki, abin ya yi. Da ya kauce daga tsarin bidiyon da taku ɗaya, abin ya rushe. Dalilin shi ne bidiyo yana nuna inda za a danna, ba ya nuna yadda wasan yake tunani. Wanda ya kalli guda hamsin ya haddace hanyoyi hamsin, amma bai san abin da ya haɗa su ba. Abin da ya rasa ba wata ɓoyayyiyar dabara ba ce. Ya rasa sanin cewa duk abin da ke cikin wasan, takobi ne ko mutum ko ƙofa, rubutaccen bayani ne mai lambar shaida, kuma idan mod biyu suka taɓa bayani ɗaya, wanda aka loda daga ƙarshe shi ke rinjaye, na farkon ya bi ruwa. Ranar da mutum ya buɗe manhajar xEdit ya ga bayanin takobinsa a jere, asali a hagu, sauye-sauye a dama, ja yana nuna inda ake rikici, ranar ce ya daina lalube a cikin duhu.

Illar labarin gwanaye

Abu na biyu da ke daƙile mai koyo shi ne irin labaran da al'adar ke ba da kanta. Ana yawan ambaton Alexander Velicky, wanda yana ɗan shekara 19 ya saki Falskaar a 2013, sabuwar ƙasa sukutum a cikin Skyrim, kamfanin Bungie kuma ya ɗauke shi aiki. Ana ambaton Nick Pearce, lauya ɗan Ostareliya, wanda aikinsa The Forgotten City na 2015 ya ci kyautar ƙungiyar marubutan ƙasarsu, ya kuma zama cikakken wasa a 2021. Labaran gaskiya ne, amma mai koyo yakan ji su a gurguje, sai ya zana taswirar nahiya guda da birane goma tun bai gama ɗaki ɗaya ba. Bayan wata shida yana da fayiloli barkatai, babu ko ɗaya da wani zai iya bugawa.

Abin da ake tsallakewa a labaran shi ne tsawon hanyar. Kafin Counter-Strike, Minh Le ya riga ya yi Navy SEALs a kan Quake, ya kuma yi aiki cikin tawagar Action Quake 2. Counter-Strike ɗin ma ɗan ƙarami ya fito a Yunin 1999, aka yi ta sakin gwaji bayan gwaji, 'yan wasa na kuka ana gyarawa, har zuwa Nuwambar 2000. DotA ya bi ta hannun mutane da dama, daga Eul zuwa Guinsoo zuwa IceFrog, kowa yana gini a kan na wanda ya gabace shi. Black Mesa, da ya sake gina Half-Life, ya fito a 2012 ba tare da babinsa na ƙarshe ba, bai kammala ba sai 2020, kuma tawaga ce guda ta yi shi. Wanda ya auna watanninsa uku da waɗannan ayyuka ya zalunci kansa.

Yadda al'adar ke rainon 'ya'yanta

Idan aka duba waɗanda suka tsallake wannan mataki, za a ga hanyarsu kusan ɗaya ce, kuma ta yi kama da ta yaron gareji wanda ba ya sanin inji sai ya kwance na wani ya mayar da hannunsa.

Na farko, suna karanta aikin wasu. Babbar falalar wannan sana'a ita ce kusan komai a buɗe yake. Labaran da Bethesda ta rubuta da kanta suna nan a cikin Creation Kit, ana iya buɗe su a ga yadda aka jera matakansu goma, ashirin, talatin, da ɗan umarnin da ke tura labari daga mataki zuwa mataki. Taswirar Doom da ta burge ka, kana iya buɗe ta ka ga inda mai ita ya ɓoye layin da ke sakin dodanni a bayanka. Sa'a ɗaya ta irin wannan bincike, da tambayar me ya sa ya yi haka, ta fi yini guda na kallon bidiyo.

Na biyu, suna koyon farautar kuskure, wanda shi ne rabin aikin. Gwani ba ya sauya abu biyar a lokaci ɗaya. Yakan sauya ɗaya ya gwada. Idan wasa yana mutuwa kuma akwai mod ɗari a kai, yakan kashe hamsin ya gwada, ya sake raba ragowar biyu, har ya kama mai laifin cikin gwaji bakwai ko ƙasa da haka. Yakan kunna rajistar da wasan ke rubuta kurakuransa a ciki ya karanta ta, ko da rabinta bai gane ba. Yakan ajiye kwafin aikinsa kafin kowane babban sauyi. Idan zai yi tambaya, ba ya cewa abin ya ƙi kawai. Yakan faɗi abin da ya yi, abin da ya zata, da abin da ya gani, kuma sau da yawa kafin ya gama rubuta tambayar ya hango amsar.

Na uku, suna gamawa su saki. Ƙaramin kogo guda mai ƙofa da abokin gaba da lada a ƙarshe, wanda aka kammala aka ɗora a Nexus Mods ko Steam Workshop, yana koyar da abin da babban aiki marar ƙarshe ba zai koyar ba: tattara fayiloli, rubuta bayani, da jin ta bakin baƙon da ya bi hanyar da ba ka taɓa zato ba ya faɗa rami. Masu taswirar Doom suna da al'adar zana taswira cikin 'yan sa'o'i ƙayyadaddu, domin ƙarancin lokaci yana tilasta wa mutum ya rufe aiki. Har yau suna raba kyaututtukan Cacowards duk shekara tun 2004, kuma wasan da ya haura shekara talatin bai daina samun sabbin magina ba.

Na huɗu, suna shiga cikin jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mod babba yana buƙatar mai rubuta umarni, mai sassaƙa siffofi a Blender, mai zane, mai labari, mai murya. Mai koyon da ke son zama dukkansu a lokaci guda shi ya fi saurin gajiya. Tamriel Rebuilt, aikin da ke faɗaɗa ƙasar Morrowind sama da shekara ashirin, yana da tsari mai kyau: sabon shiga yakan kawo ɗan aikin gwaji, tsofaffin hannu su duba su nuna masa gyara, in ya wuce a ba shi yanki ƙarami ya ɗauka. Tawagar Beyond Skyrim ma tana da sashen koyarwa mai suna Arcane University. A irin waɗannan wurare ne ake samun abin da bidiyo ba ya bayarwa, wato idon wanda ya fi ka a kan aikinka.

Abin da ba laifin mai koyo ba

Adalci ne a faɗi cewa wani ɓangare na cijewar daga sana'ar yake. Kayan aikin sukan zo da kurakurai, bayanansu a warwatse, wasu ma sun tsufa. Wasan kuma mallakar kamfani ne. Sabuntawar Skyrim ta Nuwambar 2021 ta karya mod masu yawa da suka dogara da manhajar SKSE. Masu mod ɗin Fallout: London sun ɗage fitowarsa daga Afrilu zuwa Yulin 2024 saboda an sabunta Fallout 4 gab da ranar. A Afrilun 2015 Valve da Bethesda suka gwada sayar da mod, hayaniya ta tashi, suka janye cikin 'yan kwanaki. A 2020 Blizzard ta shimfiɗa sharaɗin cewa duk wasan da aka ƙirƙira a cikin sabon Warcraft III nata ne. Darasin a nan shi ne mutum ya fi ba da ƙarfi ga ilimin da zai iya tafiya da shi: tunanin rubuta umarni, tsara fili, sassaƙa siffa, iya aiki da mutane. Fayil yana iya mutuwa da sabuntawa ɗaya, waɗannan ba sa mutuwa.

A wajenmu ma harkar ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya sauke faci na PES a PPSSPP domin ya ga sabbin riguna da 'yan wasan da aka saya a bana, aikin mai kwaskwarima yake ci. A Brazil irin wannan faci, Bomba Patch, ya zama abin alfaharin ƙasa. Mu galibi masu saukewa ne, kuma tsadar data da rashin wuta da ƙarancin kwamfuta mai ƙarfi dalilai ne na gaske. Amma Doom da Morrowind suna tashi a kan tsohuwar kwamfuta, kayan gyaransu kyauta ne, kuma fassara rubutun wasa zuwa Hausa ko zana rigar Kano Pillars aiki ne da mutum ɗaya zai iya farawa ya gama.

Wanda ya ji ya cije, to ya sani ya iso daidai inda sana'ar take farawa ne. Ya ajiye babban burin nan tukuna, ya zaɓi aiki ɗaya da zai ƙare cikin mako biyu, ya buɗe na wanda ya riga shi ya ga yadda aka yi, ya gama nasa ko da bai kai yadda yake so ba, ya miƙa wa mutane su buga, ya saurari abin da za su ce. Aikinsa na biyu zai fi na farko, kuma a wannan karon zai san dalilin da ya sa ya fi shi.