Baƙin Bulo a Jikin Masana'antar Tace Barasa

A garin Konyak na ƙasar Faransa, bangayen rumbunan da ake ajiye gangunan barasa baƙaƙe ne wuluk, kuma ba wanda ya shafa musu fenti. A shekarar 1872 wani mai harhaɗa magunguna a garin, Antonin Baudoin, ya yi nazarin wannan baƙi, daga baya masana suka tabbatar wata irin fumfuna ce da ke rayuwa da tururin barasa, har suka raɗa mata sunansa, Baudoinia. A Sikotilan, kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin kowace ganga yana bin iska duk shekara. Wannan tururi ne ke sauka kan bango da rufi da bishiyoyi, fumfunar ta samu abinci. Farin bango a irin wannan wuri ba ya daɗewa da farinsa.

Shi ya sa nake jinjina wa mai zanen ginin da ya zaɓi baƙin bulo ya lulluɓe fuskar wata masana'antar tace barasa da shi. Ya san abin da iskar wurin za ta yi wa bangonsa, sai ya riga ta. Abin da ake tacewa a ciki ba abin shan Musulmi ba ne, wannan sananne ne. Gwanintar mai gasa bulo da ta birkila nake yabo, kuma ita ɗin ce dai za ta tsayar da asibiti ko makaranta.

Launin daga wuta yake fitowa. Yumɓu yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma idan aka gasa shi da wadatar iska, ƙarfen ya sha iska ya zama ja, shi ne jan bulon da kowa ya sani. Idan kuwa zafi ya haura digiri 1,000 mai tanda ya rage iskar da ke shiga, sai wutar ta juya ta zuƙe iskar da ke jikin yumɓun, launin ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi. Duk wanda ya lura da baƙin tabo a gefen tukunyar ƙasa, inda wuta ta rasa iska wajen gashi, ya ga ɗan'uwan wannan aiki. Mai tanda da gangan yake yi, ga dubban bulo a lokaci guda, kuma in ya saki iska da wuri sai ja ya dawo. Wasu kamfanonin kan gauraya sinadarin manganis a cikin yumɓu don samun duhu cikin sauƙi. Yana aiki, amma a idona bai kai wanda wuta ta rina zurfin launi ba.

Yankin Staffordshire na Ingila ne ya yi suna a wannan sana'a. Da shuɗin bulonsu aka gina gadojin jirgin ƙasa da bangayen hanyoyin ruwa a ƙarni na 19, da yawansu suna nan tsaye ana amfani da su. Tsananin gashi yana toshe ƙofofin jikin bulon, har mafi ingancinsa ba ya shan ruwan da ya kai kashi 4.5 cikin 100 na nauyinsa. Ga ginin da kullum yake cikin tururi da laima, a ƙasar da ruwa kan daskare a cikin bango ya farfasa shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, wannan ƙin shan ruwa shi ne kuma jarrabawar birkila. Bulo na yau da kullum yana tsotse ruwan kwaɓi da zarar an ɗora shi, ya kama nan take. Baƙin bulo ba ya tsotsa. Yana zama a kan kwaɓin yana santsi, in aka yi gaggawar tara layuka a kansa sai na ƙasa su matse su zame. Gwani yakan kwaɓa simintinsa da tauri, ya ɗora 'yan layuka, ya dakata su kama. Ka kalli hannunsa: yana yanke kwaɓin da ya tsatso da gefen cokalin gini sau ɗaya, ba ya gogawa, domin ɗigon siminti a fuskar baƙin bulo daga nesa ake hango shi. Lebura kuma ba daga tari ɗaya yake kawo masa bulo ba. Daga tari uku ko fiye yake gaurayawa, saboda kowane gashi da nasa ɗan bambancin launi, in ba a gauraya ba bango ya fito ratsi-ratsi. Da yamma a rufe aikin da leda, don in ruwa ya shiga sabon gini, farin gishiri ne zai feso a fuskarsa.

Akwai lissafin da mutane ba su cika kula da shi ba. Bulon Birtaniya tsawonsa milimita 215 ne, tsayinsa 65, tsakanin bulo da bulo kuma milimita 10 na kwaɓi. In ka haɗa, kusan kashi 17 cikin 100 na fuskar bango kwaɓi ne. Don haka launin kwaɓi yana iya canza ginin gaba ɗaya. Farin kwaɓi yana fito da kowane bulo daban, baƙin kwaɓi yana haɗe bangon ya zama dunƙule guda mai nauyi. Ga masana'antar zamani na fi son na biyun, musamman inda aka buɗe babbar tagar gilashi ana ganin manyan tukwanen jan ƙarfe a ciki. Jan ƙarfen yakan haska sosai idan duhu ya kewaye shi.

Baƙin bango yana ɗaukar zafin rana, yana miƙewa yana komawa. Saboda haka ake barin siririyar tsaga a tsaye kusan kowace mita 12, a cike ta da abu mai laushi. Mai zane da ya san aikinsa yakan ɓoye ta a bayan bututun ruwan sama ko a kusurwar da bango ya lanƙwasa, sai birkila ɗan'uwan sana'a ne kawai zai gane inda take.