Murya da Makirufo a Waƙar Kudancin Indiya

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masanan waƙar gargajiya ta kudancin Indiya, wadda ake kira Karnatik. Waɗansu sun ce makirufo ya kashe murya, waɗansu kuwa sun ce shi ya fito da ita. Abin da wannan takarda ke nufi shi ne ta auna maganganun nan biyu.

Kafin zuwan na'ura, mawaƙi yakan zauna a farfajiyar ɗakin bauta ko a fadar sarki, ba shi da abin dogaro sai ƙirjinsa. Don muryar ta kai ƙarshen taro, dole ya ɗora ta a mataki mai tsayi, ya buɗe baki sosai. Mawaƙan suna auna wannan mataki da kalmar kattai. An san maza na dā da waƙa a kattai 4 ko 5, amma yawancin mazan yanzu ba su wuce 1 zuwa 2. Chembai Vaidyanatha Bhagavatar, wanda ya rasu a 1974, shi ne misalin da aka fi kawowa na tsohuwar murya mai amo kamar ƙararrawa.

Sauyin ya zo ne daki-daki. A 1925 aka fara ɗaukar faifan garmaho da lantarki. A 1928 aka kafa Music Academy a Madras, birnin da aka mayar da sunansa Chennai a 1996, waƙa ta koma manyan zauruka inda ake sayen tikiti. A 1936 gidan rediyon ƙasar ya sami sunan All India Radio. Duk hanyoyin nan uku makirufo ne ƙofarsu.

Masu yabon na'ura suna da hujja mai ƙarfi. Ran wannan waƙa shi ne gamaka, watau karkaɗa murya tsakanin sauti da sauti. Wannan aiki ne mai laushi, wanda yakan ɓace in an yi nisa. Makirufo ya kai shi kunnen na bayan zaure. Har ila yau ya ba murya mai zurfi wuri. M. D. Ramanathan, wanda ya rayu daga 1923 zuwa 1984, yana waƙa a hankali da murya ta can ƙasa, wadda da wuya ta cika fili ba tare da lasifika ba. M. S. Subbulakshmi kuwa, wadda ta yi waƙa a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1966, ta nuna cewa mai horarriyar murya ba ya hasarar kome a gaban na'ura, sai ma ta bayyana tsabtar lafazinsa.

Amma masu suka ba su yi ƙarya ba. Irin makirufon da aka fi sa wa mawaƙa yana ƙara kaurin murya in baki ya matso kusa da shi. Saboda haka mai ƙaramin numfashi yana iya manne masa, ya yi ta raɗa, a ji kamar mai faffaɗan ƙirji. Ɗalibi da ya ga haka sai ya yi sakaci da akaram, watau horon jan wasalin "a" da buɗaɗɗen maƙogwaro, wanda a kansa aka gina muryar magabata. Aibi na biyu ya shafi abokan waƙa. A dā mai ganga mridangam da mai goge irin na Turawa sukan sassauta hannu don su ji mawaƙi. Da kowa ya sami nasa makirufo, sai daidaita sauti ya koma hannun mai kula da na'ura, har tambura, wadda ba ganga ba ce, molo ce mai dogon wuya da ke riƙe wa mawaƙi mataki, takan nutse cikin hayaniya.

To, ina gaskiya take? Kuskuren ɓangarorin biyu shi ne sun haɗa ƙarfin murya da ingancinta. Ƙarfi na'ura tana bayarwa. Inganci kuwa, watau tsayawa daidai a kan sauti, da tsawon numfashi, da fitar da kowane harafi, ba ta bayarwa, ba ta kuma hanawa. Gwanin mawaƙi yakan ja da baya kaɗan sa'ad da zai hau sama, ya matso sa'ad da zai sauka, don kada na'ura ta shafe bambancin da ya yi niyya.

Akwai gargaɗi a nan ga duk mai nazarin waƙar baka daga faifai. Abin da ya ji murya ce da ta bi ta na'ura. Kafin ya yanke hukunci a kan mawaƙi, wajibi ne ya tambayi inda aka ajiye makirufo.