Rakiyar gawa: sharhi a kan fim ɗin Taking Chance

Ranar 9 ga Afrilu 2004 aka kashe Chance Phelps, sojan kundumbalar Amurka ɗan shekara 19, a lardin Anbar na ƙasar Iraki. Fim ɗin Taking Chance, wanda Ross Katz ya shirya a 2009, bai nuna faɗan ba. Hanyar gawar ya bi, tun daga sansanin Dover inda ake sauke matattun yaƙi har garin Dubois na jihar Wyoming, tare da ɗan rakiyarta, Laftanar Kanar Michael Strobl, wanda Kevin Bacon ya fito a madadinsa.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin sutura. Ma'aikatan Dover suna wanke yatsun mamacin a tsanake, suna goge jinin da ya bushe a jikin agogonsa, suna gyara kakin da za a sa masa har ya zauna daidai, alhali kuwa an san akwatin a rufe zai isa ga iyayensa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin wankan gawa zai gane wannan natsuwa. Ga shi kuma tun 1991 hukumar tsaron Amurka ta hana ƴan jarida ɗaukar hoton akwatunan da ake saukewa a Dover, sai a 2009 aka ɗage hanin. Ke nan fim ɗin ya nuna wa Amurkawa abin da aka daɗe ana ɓoye musu.

Sai dai ladabin nan ya rufe bakin tambaya. Ma'aikaciyar jirgi, masu lodin kaya, direbobin da suka kunna fitilu suka jeru bayan motar gawa, kowa alhininsa iri ɗaya ne, kamar an raba musu shi. Mutum guda kaɗai, matashin da ya tuƙo gawar daga Dover, ya ce bai fahimci abin da ya kai su Iraki ba, labarin kuwa ya wuce bai waiwaye shi ba. Damuwar da aka zauna aka yi jinyarta ita ce kunyar Strobl, da yake ganin ya laɓe a ofis ƴan'uwansa suna fagen daga.

A watan da Phelps ya mutu aka yi ƙazamin faɗan Falluja, a cikin lardin nan na Anbar, inda ɗaruruwan mutanen gari suka halaka. Babu ko ɗayansu da ya samu shiga fim ɗin.